Laujen Kaka da Ciyawar Fadama

Har yau in na ji ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka yanka, sai gabana ya faɗi. Kada ka yi mini dariya, tsaya ka ji dalili.

Shekarar da aka haifi ƙanena, nonon innarmu ya ƙafe bayan doguwar jinya. Saniya ɗaya ce tal a gidanmu na Wambai, ta kakata, kuma da madararta jaririn yake rayuwa. Kaka ta hana a kai ta kiwo cikin garke, wai kada ta kwaso cutar shanun mutane. Ita da kanta take gangarawa fadama, ta shiga ruwa har gwiwa, ta sa laujenta ta yanko mata ciyawa kore shar.

Da damina ta yi nisa, saniyar ta fara ramewa. Kawu ya duba kunnuwanta da hantsarta, ga kaska jingim. Aka cire, aka wanke ta da magani. Ta ɗan warware, sai kuma zawo. Aka ɗura mata maganin tsutsa. Wallahi kullum da safe ƙwaryar tatsa nake fara leƙawa kafin in gai da kowa. Madara sai ja da baya take yi, yaro na tsala kuka a ɗaki, ni kuwa tsoro ya hana ni cin abinci.

Ranar da ƙasan haɓar saniyar ya kumbura aka kira malamin dabbobi. Ya buɗe fatar idonta, fari fat.

"Iya, ai ba cuta ɗaya ba ce," in ji shi. "Kaska ta sha jini, tsutsa ta sha, yanzu ga ciwon hanta. Ina kuke samo mata ciyawa?"

Kaka ta nuna wajen fadama, har da ɗan alfahari.

"Ayya! Can ƙananan katantanwa suke, daga jikinsu cutar ke hawa ciyawa."

Ba a daɗe ba aka yanka saniyar. Na ga hantar da idona, duk ramuka, wasu abubuwa kamar ƙananan ganye suna motsi a ciki. Da madarar akuyar maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta, ƙanena ya kai yaye, da ƙyar da jiɓin goshi.

Yanzu fadamar ta zama gidajen haya na masu aiki a Abuja, ƙanena ma a can yake zaune da 'ya'yansa. Laujen kuwa yana nan a rufin ɗakin kaka, inda ta soke shi ranar da malamin dabbobin ya zo. Har ta rasu ba ta sake taɓa shi ba, ba ta kuma yarda kowa ya sauke shi ba.