Ɗaki Biyu a Jirgin Komawa Gida

Wata Asabar ce mai ruwan sama, a farkon shekarun saba'in, muka kulle gidan hayarmu na unguwar Whitechapel a London. Ina da shekara takwas. Baba ya gama karatun injiniya, ana ta kiran irinsu gida saboda kuɗin mai ya buɗe ayyuka ko'ina. Jirgin ƙasa ya kai mu bakin teku, muka shiga wani ƙaton farin jirgin ruwa mai zuwa Legas.

Ɗaki biyu aka ba mu manne da juna, da wata siririyar ƙofa a tsakani. Ni da Yaya Sani a ɗaya, gado kan gado, da taga zagayayya kamar faifai. Baba da Mama a ɗayan. Mama ba ta daɗe da haihuwa ba. Jaririyar ba ta kai ranar suna ba, Baba da abokansa ɗalibai suka kai ta makwancinta a gabashin London. Tun daga nan Mama ta rage magana, sai dai ta gyaɗa kai.

Kwanakin farko ƙofar a buɗe take. Nakan leƙa in gan ta a bakin gado tana ninke kayan jarirai da ta saƙa da hannunta, ta warware, ta sake ninkewa. Da muka yi nisa cikin teku, sai ta fara tare ma'aikatan jirgin tana tambayar yaushe za a juya, wai an manta da yarinya a baya. Ranar da ta haye saman jirgi ba mayafi ba takalmi, Baba ya dawo da ita, ya murɗa wa ƙofar tsakani makulli ta wajensu. Ya ce mana, "Mamanku na hutawa, ku je ku yi wasa."

Muka yi ta wasan kuwa, jifan zoben igiya da ɓuya a bayan kwale-kwalen ceto. Amma da la'asar nakan sulale in zauna a ƙasa, in jingina da ƙofar nan, ina jin ta tana waƙar reno a hankali. Sau ɗaya ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Hadiza, kin ci abinci?" Hausata ba ta nuna ba a lokacin, na amsa mata da Turanci. Na ji ta koma kan gado.

A Legas 'yan'uwanta suka tarbe mu, suka wuce da ita Zariya neman magani, mu kuma muka bi Baba Kaduna. Ba mu sake zama gida ɗaya da ita ba, kafin in shiga sakandare ta rasu.

Yanzu na dawo London, a unguwar Woolwich nake, na ma fi Mama daɗewa a duniya. Da 'yata ta haihu ta shiga wani hali mai kama da na Mama, aka ba mu ranar ganin likita, ya saurare ta, aka ɗora ta a kan magani, cikin 'yan watanni ta dawo daidai. A bas, kan hanyar dawowa daga wurin likita, na yi kukan da ban yi a jirgi ba. Ashe ciwon Mama ma yana da magani.