Madu da Maɓallin Duhu

In ka je unguwar Kagarawal a Gombe ka tambayi gidan Madu mai gyaran rediyo, kallonka kawai za a yi. Amma ka ce Madu Blakawut, ko mai sayar da rake zai nuna maka ƙofar. Sunan ba na yabo ba ne da farko. Bafillace ne ya laƙaba masa shi, kuma ka san Bafillace ba ya raga wa Babarbare in ya samu baki a kansa.

Mutumin Bama ne. Yana da shagonsa na gyaran rediyo da fanka har ranar da 'yan Boko Haram suka shiga garin. Ya fito da rigar jikinsa da gwaggonsa Ya Fatime, ƙanwar babansa wadda ta raine shi. Maiduguri ta cika ta batse, sai suka gangaro Gombe, wani ɗan garinsu ya ba su ɗaki.

Aikin da ya fara samu jidar kujeru ne a ɗakin taron Madam Edna, wata 'yar Tangale mai faɗa da kirki, can wajen unguwar Malam Inna. A rufin ɗakin akwai wasu fitilu masu juya kai da kansu, su watsa ja, su watsa kore, su bi amarya duk inda ta taka. Wani Noah ke sarrafa su daga ɗan allo mai maɓallai. Madu kan tsaya da kujera a ka, ya saki baki yana kallo, har sai Madam ta daka masa tsawa.

Da bam ya tashi a tasha, matar Noah ta ce ita kam ta gama zaman Gombe. Kafin su tattara, Noah ya zaunar da Madu gaban allon.

Kai, ya sha wuya! Kowace fitila da lambarta a bayanta, kamar sunan yanka. In ka ba biyu lamba ɗaya, sai su riƙa juyawa tare ko ba ka so. Ka ja wannan, kan fitila ya ɗaga, ka ja wancan launi ya sauya, in tsayuwar ta yi maka ka ajiye ta cikin maɓalli, sannan ka jera su bi da bi su dace da kiɗa. Madu ya taɓa ɓata yini yana shiri, da ya danna sai fitilun duka suka juya suka haske ƙofar bayi. Rubutun allon na Turanci ne, don haka ya aro jan farce ya yi wa maɓallan alamun da shi kaɗai ya gane. Amma hannu ne da ya saba da cikin rediyo, bai daɗe ba ya kama.

Noah yana da doka guda. "Haske ba ya kyau sai ya fito daga duhu," in ji shi. Ya nuna masa wani maɓalli a gefe, sunansa blakawut. Danna shi, komai ya mutu lokaci ɗaya. Sai farin walƙiya ya biyo baya, sai launuka, sai amarya ta shigo.

A shekarun nan ba mai yarda magariba ta same shi a taro. Da la'asar ake biki, a rufe tagogi da baƙin labule don fitilu su yi aiki. Bikin farko bayan tafiyar Noah, ɗaki ya cika maƙil. Amarya na bakin ƙofa, Madu ya yi bismillah ya danna. Duhu ya rufe ɗif. Bamanga, Bafillacen da ke saka kiɗa, ya saki wani ƙaton dum a lasifika kamar yadda suka saba da Noah, farin walƙiya ya tsaga ɗakin. Wata mata ta kurma ihu: "Innalillahi, ga su nan!"

To, wa ya fara gudu? Madu. Shi da ya danna da yatsansa! Bai san inda kansa yake ba sai da ya gan shi a tsallaken titi, takalmi ƙafa ɗaya. Allon kuma ba kowa a kansa, fitilu suka yi ta walƙiya a kan mutane suna tattake juna. Kujeru suka karye, wata tsohuwa ta goce a hannu, gwaggwaron amarya sai washegari aka gan shi cikin kwata.

Tun ranar Bamanga ya raɗa masa suna. "Madu Blakawut, mai kashe wuta ya riga kowa fita!" Madu kan yi yaƙe, amma abin yana cin sa. Kunya yake ji, da haushin ƙafafunsa da suka yanke hukunci ba su shawarce shi ba.

Madam Edna ta ce an gama. Akwai mai saye a Abuja, za ta sauke fitilun ta sa dogayen ƙwai irin na asibiti. "Mutanen garin nan ba su da zuciyar duhu yanzu, Madu. Ni ma ba ni da ita."

Ana cikin haka wasu mutanen Bama suka kama ɗakin don wushe-wushe, shagalin da Barebari ke yi wa ango da amarya da ganga da algaita. A gida kwana ake yi ana abu, a nan kuwa an matse shi tsakanin la'asar da magariba. Madu ya roƙi Madam ta bar masa fitilun na wannan rana kawai. Ta yarda, da sharaɗin kada ya taɓa maɓallin nan.

"Madam, shi zan taɓa."

"Kana da hankali kuwa?"

"Sun ƙwace mana gari," in ji Madu. "Sun ƙwace mana dare, muna bikin dare da rana tsaka kamar marasa gaskiya. Yanzu duhun da ni zan kawo da yatsana, in ɗauke shi da yatsana, shi ma in bar musu? Wallahi ba zan bari ba."

Madam ta gindaya masa sharaɗi. "Kujera ɗaya ta faɗi, fitilu sun tafi Abuja, kai kuma ka nemi wani aikin."

Ya koma kan allo ya rushe shirin Noah. Ya cire farin walƙiyar gaba ɗaya. Ya tsara hasken ya dawo a hankali, ja-ja kamar na aci-balbal, fitila ɗaya tukuna, sauran su biyo ta. Ya hana Bamanga dum ɗinsa. Da rana in ba kowa, sai ya ja labule ya danna maɓallin, ya tsaya cikin duhu shi kaɗai. Bamanga ya leƙo wata rana ya ce ko ya kawo masa dangwalin ɗaure maruƙa ne a ɗaure shi jikin tebur. Madu ya ce ya ajiye wa kawunnansa.

Ranar biki, mata suka cika ɗaki da lafaya da turaren wuta, har da Ya Fatime, wadda tun zuwansu Gombe ba ta taɓa kwana ba tare da tocila a kunne kusa da kanta ba. Kafin shigowar amarya Madu ya karɓi makirfo. Ya yi magana da Barbarci, ya maimaita da Hausa.

"Ni ne Madu, ɗan Ya Fatime, mai gyaran rediyo na Bama. Ni ne wanda ya gudu kwanaki, kun ji labari." Aka yi dariya kaɗan. "Zan kashe wuta. Ba kowa ba ne, ni ne. Ƙofofi a buɗe suke, mai son fita ya fita yanzu, ba abin kunya ba ne. Ni dai yau ina nan."

Mata biyu suka ja 'ya'yansu suka fita. Sauran suka zauna. Ya danna.

Duhu ya sauka. Ƙafafunsa suka ce masa tashi, ya riƙe bakin tebur da hannu biyu. Yana jin numfashin mutane, yana jin wani na salati ƙasa-ƙasa. Wata kujera ta yi ƙara a kan siminti, amma ba ta faɗi ba. Ba a shirya a daɗe haka ba, sai dai hannunsa ya ƙi sakin teburin balle ya dawo da haske.

Sai guɗa ta tashi cikin duhun, doguwa, mai kaifi, ta tsohuwa. Ya san muryar, ta Ya Fatime ce, ita ta yi masa guɗa ranar saukarsa ta Alƙur'ani. Wata ta karɓa, wata ta karɓa, mai algaita ya busa ba tare da yana ganin yatsunsa ba. Nan Madu ya samu hannunsa. Fitila ɗaya ta buɗe a hankali a kan amarya tana takowa, sauran suka juyo suka bi ta. Kuka yake yi, bai kuma damu Bamanga ya gani ba.

Madam Edna ta zo bayansa tana share ido da bakin gyale. "Ɗan banza mai taurin kai," ta ce. "Na Abuja ya nemi nasa a wani wurin."

Sai ga Ya Fatime ta miƙe tsakiyar mata, lafaya na zamewa daga kanta, ta ɗaga masa hannu.

"Madu! Sake kashewa, ɗana. Ka yi saurin kunnawa, ban gama zama a cikinsa ba."