Maƙala Tamanin da Ɗaya da Mataccen Kifi

Wata rana, da hantsin wata Talata, wani malamin jami'a ya sha dukan da har yau in ana ba da labarinsa sai na ji haƙarƙarina yana amsawa.

Kada ku tambaye ni wace jami'a. Duk sanda na kawo muku labari mai daɗi sai ku bar darasin ku koma binciken suna, kamar ni ɗan sanda ne. Mu dai ce masa Dokta Mamuda, malami a sashen kiwon kifi.

Dokta Mamuda mutum ne mai lamba. Maƙala tamanin da ɗaya a mujallu. An ambaci aikinsa sau dubu da ɗari biyu. Akwai wani shafi a intanet da ke ƙirga wa malamai waɗannan abubuwa, shi kuwa kafin ya sha kokon safe sai ya leƙa ya ga ko lambar ta motsa.

Yadda ya tara su ba wuya. Su biyar ne a ƙungiyarsu. Duk wanda ya yi rubutu zai jera sunayen sauran huɗun, kuma ya ambaci tsofaffin maƙalunsu ko da ba su da haɗi da zancen. Kai ka sa ni, ni in sa ka.

Shi Mamuda ya fi su wayo. Ya daina rubutun ma gaba ɗaya, sunansa kawai yake aikawa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: a kira shi Farfesa. Ya miƙa takardunsa, aka ce komai ya yi, sai dai kwamiti yana son shaidar cewa bincikensa ya amfani jama'a a waje.

Sai ya ɗauko wata maƙala da sunansa yake na farko a kanta, wadda ainihi wata abokiyar aikinsa ce ta yi ta kafin ta bar ƙasar. Maganar haɗa abincin tarwada da ƙwallon zurma ce, wato 'ya'yan tsiron nan mai dafi da ake matse mai daga cikinsu, don a rage tsadar abinci. Ya duba kanun, ya tsallake zuwa jadawalin farko, ya kwafe shi da Hausa a takarda guda.

Ya je taron ƙungiyar masu kiwon kifi ta garin, ya raba musu. Suka tafa masa. Shugabansu, Alhaji Tanimu, ya rubuta masa wasiƙar yabo har da hatimi. Dokta ya saka ta a fayil yana murmushi.

Da ya ƙara shafi ɗaya, da ya ga cewa jadawalin farko na haɗin da ya kashe kifi ne a gwaji. Na biyun ne na zurmar da aka dafa aka cire mata dafi.

Bai ƙara ba.

Kwana goma sha biyu bayan haka ne ranar da jami'a ta gayyato wata babbar malama daga waje, Farfesa Asabe, don ta tantance aikinsa. Dokta ya ci babbar riga fara, ya fito har wajen ajiye motoci ya tare ta, yana riƙe mata jaka.

A-kori-kura biyu suka shigo suka tsaya a gabansu.

Warin ne ya fara isowa kafin mutanen.

Maza kusan ashirin suka diro, wasu da bokitai, wasu da guntayen tiyo na ban ruwa. Alhaji Tanimu na gaba, idonsa ja. Tanki shida ya wayi gari ya tarar kifin da ke cikinsu duk sun juya ciki sama. Akwai wanda kifin da zai aurar da ƙanwarsa da shi ke nan.

Alhaji ya ɗaga takardar nan ya ce, "Dokta, tambaya ɗaya. Kai ka yi binciken nan da hannunka?"

Mamuda ya dubi tiyo. Ya dubi Farfesa Asabe, wadda ta gyara tabarau tana jiran amsa. Ya sake duban tiyo.

Ya gyara wuyan riga ya ce, "Ni ne jagoran binciken."

Bai rufe baki ba bokitin farko ya sauka a kansa. Rubabbiyar tarwada ta gangaro daga hula zuwa ƙirji. Wani ya tsinka masa mari ta dama, kafin ya juya wani ya daidaita masa ta hagu. Tiyo ya fara sauka a gadon bayansa, tas, tas, kamar ana kakkaɓe katifa.

Ya yunƙura zai gudu, babbar rigar ta harɗe shi, ya kifa. Haƙorinsa ɗaya ya rage a jikin bambar motar shugaban sashe.

Suka rufe shi. Wani ƙato ya danne masa wuya da gwiwa, ya ɗauko kifi guda yana cusa masa a baki yana cewa, "Ɗanɗana, jagora. Ai girkinka ne." Masu gadi biyu da ke wajen sun zo da gudu, suka ga yawan mutanen, suka rage gudun.

Jini da ruwan kifi suka haɗu a ƙasa. Da tiyon ya sauka a kan idonsa, Dokta ya ga cewa farfesanci ba ya amfanar gawa.

Ya tofar da kifin ya kwarma ihu: "Wallahi ban taɓa karanta maƙalar ba! Sunana kawai aka sa!"

Alhaji Tanimu ya ɗaga hannu, aka dakata.

Farfesa Asabe ta tako a hankali, tana ɗage zani kada ya taɓa ruwan. Ta sunkuya kusa da shi.

"Dokta, a cikin tamanin da ɗayan, nawa ka karanta?"

Ya ɗago da ido guda, wanda ke buɗewa. "Ranki ya daɗe, duka da kanun?"

"Ban da kanun."

Dokta ya mayar da idon ya rufe.

Ta miƙe, ta ɗauki jakarta daga ƙasa, ta ce wa direbanta ya tayar da mota. Ko ofis ba ta shiga ba.

Alhaji Tanimu ya tsaya yana kallon Dokta. Ya ce, "Da ka yi binciken ka yi kuskure, da mun ce ƙaddara. Ashe kai ma ba ka san abin da ka ba mu ba." Ya juye sauran bokitin a kansa, suka hau motocinsu.

Waɗanda suka yi dukan sun kwana biyu a hannun hukuma, kuma daidai ne, ni ban ce a daki kowa ba. Dokta ya yi mako uku a asibiti. Abokan ƙungiyar nan huɗu ba wanda ya leƙo shi, kowa na can yana rubuta wa mujallu wasiƙa a cire sunan Mamuda daga jikin nasa.

Rahoton Farfesa Asabe layi biyu ne. Ba farfesanci. Bayan wata huɗu kujerar koyarwar ma ta tafi.

Darasi: Kada ka yarda a sa sunanka a kan abin da ba za ka iya tsayawa ka kare shi ba ranar da masu tiyo suka zo. Shafin intanet yana ƙirga sau nawa aka ambace ka, amma ba ya karɓar maka mari ko ɗaya.

Ku tura wa duk wani malami da kuka sani, musamman mai yawan leƙa lambarsa. Kuma ku tura da sunana a jiki. Ina ganin masu kwafe rubutuna su goge ni su sa kansu, su kwashe yabon da ni na yi wa gumi. Na ƙyale ku ne saboda ina da kirki.