Tabon Girar Hagu

Akwai tabo a girata ta hagu, tsawonsa bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, gashi ba ya fitowa a wurin. Shekara ashirin da huɗu duk wanda ya tambaye ni sai in ce ƙofa ce ta buge ni. Har matata haka na gaya mata. Ba ƙofa ba ce. Mutumin da ya sa nake wannan ƙarya kuwa na ƙullace shi tun ina ɗan shekara goma sha bakwai, kuma ko a sallar Idi da ake yafe wa juna ban taɓa sa shi a lissafi ba.

A Karantina, wata unguwar Hausawa a ƙasar Larabawa, aka haife mu ni da shi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Kakansa ya zo da wuri ya samu zama ɗan ƙasa. Nawa kakan ya iso daga Sudan a makare, muka tashi a kan iƙama, wato takardar zaman baƙo, mahaifinsa ne ma kafilinmu, ɗan ƙasar da ya tsaya mana a gaban hukuma. A filin ƙwallo dai ba a tambayar takarda. Bayan la'asar muke bugawa a wani fegi bayan ma'ajiyar katako, ni da shi duk muna tsaron baya. Sai dai shi irin ɗan bayan nan ne da in ƙwallo ta taso sama yake runtse ido ya maƙe wuya. Ni kuwa ko takalmi aka ɗago sai na kai kaina. Ba yabon kai ba ne, duk unguwa ta sani.

Da wani kulob na cikin gari ya yi shelar gwajin matasa, aka ce 'yan ƙasa kaɗai ake so, shi da kansa ya kawo shawarar.

"Ɗauki katina ka je," in ji shi. "Hoton tun ina ƙarami ne, wa zai duba? Su a wurinsu ai duk kamarmu ɗaya. In sun ɗauke ka, Baba ya san mutane, sai a gyara. Ni wallahi ƙwallo ba ta dame ni ba, shago zan zauna."

Na karɓa har da godiya. Wautar da na yi ke nan, har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar gwajin fili ya cika da yara maƙil. Ana dab da tashi golanmu ya fito shirme, aka ɗaga masa ƙwallo ta bi ta samansa ta nufi raga ba kowa. Na juya da gudu na kai mata kai, na fitar da ita a kan layi, girata kuma ta haɗu da turken ƙarfe. Jini ya rufe mini ido. Aka ɗaure mini kai da tsumma aka ce in fita, na ce ba inda za ni, da ido ɗaya na ƙarasa wasan. Da koci ya zo kiran waɗanda aka ɗauka, sunan farko da ya kira na ɗan maƙwabcinmu ne, ni kuma na ɗaga hannu. Aka ce in je a ɗinke ni, bayan mako guda in dawo da mahaifina a sa hannu.

Ranar sa hannun na yi wanka na sa farar jallabiya, na je ƙofar gidansu ina jiran Baban nasa ya fito mu tafi, tunda da sunan ɗansa aka ɗauke ni. Mahaifiyarsa ta leƙo ta ce ai sun fita tun da hantsi. Na zauna a dakali har azahar. Sai ga su a mota, shi yana rataye da jakar kulob, girarsa ta hagu manne da farar filasta. Lafiyayyar gira! Mako biyu ya yi yana yawo da filastar nan a unguwa, har yana yamutsa fuska in iska ta taɓa ta.

Da yamma Baban nasa ya shigo gidanmu ya yi wa mahaifina magana cikin lalama. Ya ce in zancen ya fita, wanda ya shiga gwaji da katin wani shi ne mai laifi, kuma iƙamar gida guda ce za ta tafi. Mahaifina ya sunkuyar da kai. Inna ta ja ni ɗaki, tana gyara mini ɗaurin ciwo tana kuka, ta ce, "Duk wanda ya tambaye ka, ƙofa ce. Ka ji ni ko? Ƙofa ce."

Shi kuwa ya yi shekara biyar a kulob ɗin, mafi yawa a kan benci. Ƙafa ba ta kai shi ko'ina ba, amma baki ya kai shi, don akwai shi da iya zama da manya. Kafin a ankara ya zama mudir, wato shugaban harkokin 'yan wasa. Da mahaifinsa ya rasu kafalarmu ta koma hannunsa, ya kira ni ya ce zai taimake ni da aiki: kula da kayan 'yan wasa. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, na karɓa. Ni ne wankin riguna, ni ne jera takalma, ni ne hura ƙwallaye. Ya daina jin Hausa ƙaf, sai Larabci, ni kuma na koma ce masa "ya mudir".

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne labarin. Ba taron da za a yi bai ba da labarin ranar gwaji ba: yadda gola ya fito, yadda ya juya da gudu, yadda jini ya rufe masa ido ya ƙi fita. Ina tsaye a gefe ina naɗe safa yake bayarwa, kuma ya iya bayarwa, har ya fi ni. Ba wanda ya taɓa duban girarsa. Da aka rushe Karantina sai na ji kamar an ƙara masa gata. Fegin ya tafi, abokan wasanmu sun watse, wasu Sudan, wasu Nijeriya, wasu can bayan gari. Inna ta riga ta rasu. Ba sauran mai shaida sai fatar goshina.

Ana cikin haka kulob ya sayo wani mai tsaron baya ɗan Sifaniya. Ba irin shahararrun nan ba ne da ake tarba a filin jirgi. Ya haura talatin da uku, dogo, hanci a karkace, in yana hawa bene gwiwarsa ta dama har ƙara take. Ya taso a wani ƙaramin gari na arewacin ƙasarsu inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, ya yi yawancin rayuwarsa a rukuni na biyu. Sau ɗaya suka hau babban rukuni, shekara na zagayowa suka faɗo. Ba a taɓa kiransa ya buga wa ƙasarsa ba. Duk wannan a jikinsa na karanta, don shi haka yake ba da tarihinsa. In yana zaune ana naɗa masa bandeji sai ya nuna hanci ya faɗi sunan wani gari, ya nuna ƙashin wuya ya faɗi wani, ya nuna ɗinkin gwiwa ya ɗaga yatsu biyu, ma'ana sau biyu aka yanka. Girarsa ta dama kaɗai ɗinki uku ne a kanta.

Yana da wata ɗabi'a da 'yan wasa ke yi wa dariya. Duk wanda ya ce ya taɓa jin ciwo a fili, sai ya ce a nuna masa, kuma sai ya sa babban yatsa ya shafa wurin, kamar mai duba yadi a kasuwa. Makonsa na farko ya tare ni a ɗakin kaya ya nuna girata. Na ce da Larabci, ƙofa. Ya shafa, ya dube ni, ya taɓe baki ya wuce.

Wata rana ana atisaye ƙwallo ta kuɓuce ta taso sama wajen da nake tsaye da kwandon riguna. Ban san lokacin da na ajiye kwandon na tashi na mayar masa da ita da kai ba, ta sauka daidai ƙafarsa. Ya taka ta ya tsaya. Da guntun Larabcinsa ya ce, "Kai, ɗan baya." Na ce a'a, mai wanki. Na ɗauki kwandona na shige. Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya kira ni da haka.

A ƙarshen kakar wasa gwiwar ta ƙi, likita ya ce halas, wato ta ƙare. Ya ce zai ajiye ƙwallo ya koma garinsu, kulob kuma ya shirya masa walimar ban kwana ranar Juma'a bayan an sauko. Tun da na ji na fara ƙulla abina. Na lura mudir bai taɓa ba da labarinsa a gaban ɗan Sifaniyan ba, to amma na san shi kamar yunwar cikina: in manya suna zaune aka ɗan zuga shi, ba zai iya kame bakinsa ba. Na roƙi a bar mini zuba gahawa a wurin, duk da ba aikina ba ne.

Da safiyar ranar na zaunar da matata na gaya mata gaskiyar tabon, da abin da zan yi.

"Shekara nawa muna tare kana ce mini ƙofa?" in ji ta. "Yanzu kuma so kake ka kwashe mu ka zuba a jirgi a kore mu daga ƙasar?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, can na ji ƙamshin guga. Farar jallabiyata take gogewa.

An shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, manyan faranta na shinkafa da rago, shugabannin kulob a sama, 'yan wasa a jere, tafinta kusa da baƙon. Ɗan Sifaniyan ya yi jawabi gajere. Ya ce bai ci kofin kirki ba, amma ba garin da ya buga bai bar masa alama ba, ya shiga nuna su ɗaya-ɗaya ana dariya. Na matso da butar gahawa na duƙa gaban mudir, na sassauta murya yadda na kusa za su ji.

"Ya mudir, ai baƙo bai taɓa jin labarin ranar gwajinka ba."

Ya ɗago ya dube ni, na ga wani abu ya gilma a idonsa. Amma shugaban kulob ya riga ya ji. "Wallahi kuwa! Yalla, ba shi, ba shi," in ji shi.

Ya bayar. Da farko a ɗarare, daga baya daɗin baki ya kwashe shi, har ya tashi a kan gwiwa yana nuna yadda ya kai wa ƙwallo kai. Tafinta na fassarawa, ɗan Sifaniyan na gyaɗa kai cikin girmamawa. Da aka kai wajen jini, sai baƙon ya goge hannunsa, ya miƙa babban yatsa, ya ce ta bakin tafinta, "Wace gira? Nuna mini."

"Ta hagu. Ai ya warke tuntuni," in ji mudir, yana ja da baya.

Bai tsira ba, yatsan ya riga ya isa. Ya shafa hagu, ya shafa dama. Sumul, kamar goshin jariri. Baƙon ya yi dariya, shi a zatonsa wasa ake. Ya ce gira in ta haɗu da ƙarfe ba ta mantawa, ya nuna tasa. Ba wanda ya taya shi dariyar. Ni kuwa na zagayo na duƙa a gabansa ina zuba gahawa a hankali, na karkata masa ɓangaren hagu na fuskata. Ya dube ni, ya dubi mudir, ya sake dubana. Dariyar ta ɗauke. Ya ɗora yatsa a kan tabon.

"Ƙofa?" ya tambaya da Larabci.

"Turken raga," na ce, da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. "Ana dab da tashi, gola ya fito."

Wurin ya yi tsit, har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ake ji. Na ci gaba da zuba wa na gaba. Ɗan Sifaniyan ya matsa gefe ya buɗe wuri kusa da shi, ya bubbuga ƙasa da tafinsa. Na ajiye butar na zauna. A faranti ɗaya muka ci da shi, ga mudir yana fuskantarmu.

A wajen wanke hannu ya same ni, mu biyu kaɗai. Sai ga Hausa ta dawo masa, tsaf, irin ta Karantina.

"Ka ji daɗi yanzu?"

"Wallahi na ji," na ce.

"Shekara nawa ina riƙe da ku."

"Shekara nawa kana riƙe da girata."

Wata bai cika ba aka sallame ni. Na sha wuya kafin in samu wani kafili, yanzu ina tuƙa motar kai kaya a unguwar Sharafiyya, abin da nake samu bai kai rabin na da ba. Shi yana nan a kujerarsa, amma an ce mini ko an zuga shi ba ya ba da labarin, 'yan wasa kuma in ya juya baya sai su riƙa shafa gira. Ya aiko mini mutum sau biyu wai mu yafi juna. Na ce a gaya masa ya fara zuwa kabarin Inna, ita ta mutu tana ce wa mutane ƙofa.

Rannan ina sauke kwali a wani shago, mai shagon ya dube ni ya ce, "Malam, me ya same ka a gira?" Na ajiye kwalin, na ce masa ya ba ni kujera.