Malam Jaɓɓo Tozai da Gudalen da ke Kiwo a Rana

Haihuwa da Nasaba

An haifi marigayi Malam Jaɓɓo Abdulmutallib a shekarar 1958, a wata ruga da ke gefen Tozai, cikin ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato. Mahaifinsa, Abdulmutallib, makiyayi ne mai garke na a zo a gani, mahaifiyarsa kuwa, Adda Hadijatu, ta shahara da kyawun man shanu a kasuwar Lahadi ta Illela. Bai shiga makarantar boko ba. Ya yi karatun allo a wurin limamin Tozai gwargwadon abin da zai tsayar da ibada, sauran ilminsa kuma a bayan shanu ya same shi, da sanda a kafaɗa.

Aure da Shekarar Fari

A shekarar 1981 aka ɗaura masa aure da Malama Haulatu, ɗiyar baffansa, wadda ta zauna da shi cikin mutunci da haƙuri har ƙarshen rayuwarsa. Ba su daɗe da samun ɗansu na fari, Zayyanu, ba sai farin 1984 ya auko, ya share abin da farin 1973 ya rage na garken gidansu, har ya zamana saurayin da ya tashi cikin shanu ya wayi gari babu ko ɗan maraƙi a turkensa.

Ana cikin wannan hali ne wani aminin mahaifinsa, Maccido, ya tako da ƙafa tun daga ƙauyen Araba yana jaye da wata saniya mai suna Gudale, ya ɗaure ta a turken, ya nemi ruwa ya sha, ya kama hanya. Wannan ita ce al'adar da Fulani ke kira haɓɓanaye: a ba wanda ya rasa garke aron saniya, ta haifa masa sau uku, ya riƙe maruƙan, ya mayar da uwar. A shekarar 1990 Malam Jaɓɓo ya mayar da Gudale Araba. Maccido ya hana shi dogon godiya, ya ce ba shi za a saka wa ba, amma duk ranar da ya ga wani zaune a gaban turke babu komai, to ya ɗaure masa. Wannan magana ta zame masa wasiyya, ya ɗauke ta tsawon rayuwarsa.

Zaman Illela da Sana'a

Shanun ba su taɓa zama garke ba. Damina ta riƙa zuwa a makare tana ɗaukewa da wuri, burtali ya ƙuntata, iyali kuma na ƙaruwa. A shekarar 1992 ya ƙaura cikin garin Illela ya kama kabu-kabu da babur, yana kai masu tallan nono kasuwa, yana tsallaka 'yan tireda zuwa Kwanni ta Nijar, daga baya ya haɗa da sayar da fetur a kwalabe a bakin hanya. Sau da dama ya yi niyyar cika maganar Maccido, sai rashin lafiya ko hidimar makaranta ta cinye saniyar da ya ware. Maccido ya rasu a 2003 ba a cika ba, kuma abin ya daɗe yana cin Malam Jaɓɓo a rai, ko da yake Haulatu kaɗai ya taɓa faɗa wa.

Sauyin Zamani

A shekarar 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, aka kuma rufe iyakar Nijar na tsawon watanni, sai kabu-kabu da sayar da mai suka durƙushe lokaci guda. A wannan zaman ne yake yawan sauraren rediyo, inda ya ji masana na bayanin cewa hayaƙin injuna na cikin abubuwan da ke ɗumama duniya su rikita damina. Sai ya ce wa abokan hirarsa ashe shi da fari ya talauta, shekara da shekaru yana ɗura wa farin mai a kwalba bai sani ba.

Da wasu 'yan kasuwa suka kawo kekuna masu ƙafa uku masu aiki da batir a 2024, ya sayar da babur ɗinsa da shanu biyun da suka rage masa, waɗanda duk tsatson Gudale ne, ya sayi keke ɗaya da farantan sola ya kafa a rufin zaure. 'Yan tasha sun yi masa dariya son ransu, suna cewa Bafulatani ya sayar da nagge ya sayo fitila. Ko a jikinsa. Ya raɗa wa keken suna Gudale, in ya jona caji da hantsi sai ya ce ta fita kiwo, in rana ta take ya kai ta inuwa, ya shafa bayanta kamar mai rai. Masu nono kuwa suka yi caa a kanta, domin ba ta sa wa ƙwarya warin mai, ba ta firgita dabbobi a ruga. Da ita gidan ya sake tsayawa da ƙafafunsa.

Cika Alkawari

A bazarar 2025 labari ya iso masa cewa Sufyanu, jikan Maccido, ya rasa shanunsa kaf saboda ƙarancin ciyawa da wata cuta da ta biyo baya, yana zaune a Araba da mata da 'ya'ya. Malam Jaɓɓo ya tara iyalinsa ya shaida musu zai ɗaure masa Gudale. Zayyanu, wanda shi ke tuƙa ta a lokacin, bai ɓoye ɓacin ransa ba.

"Baba, in ta tafi, mi za mu ci?"

"Abin da munka ci a shekarar fari," in ji shi. "Nonon da ya rayar da kai, daga gidan Maccido ya fito."

Da kansa ya tuƙa ta zuwa Araba, ya ajiye ta a ƙofar Sufyanu, ya nemi ruwa ya sha. Sharaɗinsa ɗaya ne: Sufyanu ya yi aiki da ita, ya riƙa zuwa caji a zauren Illela kyauta, sai ranar da ya sayi maruƙa uku da guminta sannan ya dawo da uwar. Haulatu ta ce tun da suke tare ba ta taɓa ganin fuskarsa a sake ba kamar ranar da ya dawo.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi wa Malam Jaɓɓo rasuwa ranar wata Alhamis cikin watan Nuwamba na 2025, yana da shekara sittin da bakwai, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. A cikin Gudale Sufyanu ya kai shi asibiti, a cikinta kuma ya dawo da gawarsa gida. An yi masa salla bayan Azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Illela, masu nono na kuka daga nesa.

Ranar sadakar uku Sufyanu ya wanke keken fes, ya kawo shi ƙofar gida, ya durƙusa ya ajiye makulli a gaban Zayyanu, ya ce yanzu dukiyar magada ce. Zayyanu ya shiga ciki ya yi shawara da mahaifiyarsa da ƙannensa, ya fito idonsa jawur, ya tambayi Sufyanu maruƙa nawa ta haifa masa. Sufyanu ya ce ɗaya. Sai Zayyanu ya danƙa masa makullin a hannu ya ce, "Saura biyu. Koma da ita."

Marigayin ya bar matarsa Haulatu da 'ya'ya biyar: Zayyanu, Farida, Bashar, Jamilatu da auta Mahbuba, da jikoki goma sha ɗaya. Ya kuma bar Gudale, wadda har yau take zuwa kiwo a zaurensa kowane hantsi, ta kwana a Araba. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.