Muryar Dada

Ina shanya a tsakar gida a Sabon Layin Mubi, da hantsi, Kawu Buba ya kira ni daga asibiti. "Hauwa, sai haƙuri fa, Dada ya cika." Na yi salati, na zauna a kan turmi da jiƙaƙƙen zane a hannuna. Ban yi kuka ba a lokacin. Watanni muna jinya, gajiya ta riga hawaye zuwa.

Mahaifiyata ke nan, Jummai, wadda masu kallo suka sani da Gwaggo Mai Ƙosai. A Hausarmu har mace "ya" ake ce mata. Ta fara da wasan kwaikwayo na talabijin a Yola, daga baya masu fim na Kano suka neme ta. Shekara da shekaru tana bin wannan doguwar hanya, ta dawo ƙafafu a kumbure, washegari ta hau babur zuwa gonarta a ƙauyen Vimtim. Tana ɓarar gyaɗa take haddace abin da za ta faɗa, gyaɗar kuma ta soya ta kai wa abokan aiki. In na ce ta huta, sai ta ce, "Zan huta, amma ba yau ba."

Abin da masu kallo ba su sani ba, muryar da suke ji ba tata ba ce. Masu shiryawa sun ce Hausarmu ta Mubi ba ta shiga kunne, don haka bayan an gama ɗauka sai wata mata a Kano ta ɗora tata muryar a kan bakin Dada. Ni abin ya daɗe yana ci min rai, har na taɓa ce mata ta daina zuwa. Ta kalle ni ta ce, "Fuska na suke so, ga fuska. Murya kam na bar wa yara na."

A zaman makoki mata suna ta ce min, "Ke kam kin gode Allah, kina kunna fim kin ga uwarki." Na dinga cewa haka ne, don ba ni da ƙarfin bayani. Ni muryarta nake nema, kuma ban taɓa ɗauka a waya ba. Wa yake tunanin ɗaukar muryar uwa tana yi masa faɗa a kan wanke-wanke?

Bayan sadakar bakwai na zauna ina bin finafinanta ɗaya bayan ɗaya. Bakin Dada yana motsi, baƙuwa tana magana. Na kusa haƙura, sai na zo wani wuri da akuya ta kutso ta ture mata farantin ƙosai, abin da ba ya cikin shiri. Dada ta tuntsire da dariya ta ce, "Kai, wannan akuya ba shi da kunya!" Ko mantuwa suka yi, ko matar Kano ce ta kasa wannan dariyar, ban sani ba, amma sun bar shi yadda yake. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa.

Allah ya jiƙan Dada, ya yafe mata kurakuranta, ya ba ta hutun da ta yi ta ɗagawa. Ya ba Kawu Buba da ƙannena haƙurin rashi. Ya sada mu da ita a Aljanna, in ji ta kira sunana da bakinta.