Yabon da Ya Rufe Mana Ɗakin Sama

A cikin duk abin da ya same ni a zaman Ingila, akwai guda ɗaya da na tabbata ko tsufa ya kwashe sauran ba zai iya ɗaukar sa ba, wato shari'ata da council, hukumar garinmu, a kan ɗakin saman gidanmu. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a lokacin ko murmushi sai na yi da ƙyar.

Bayan mun daɗe a cushe cikin wani flat a unguwar Whalley Range ta birnin Manchester, Allah ya hore mana wani tsohon gida a unguwar Moss Side, irin gidajen jan bulo da ke jere manne da juna. Daga ƙofa zuwa matakala akwai wata siririyar hanya da nake kira zaure don girmamawa, ko da yake mutum biyu ba sa gittawa a cikinta sai ɗaya ya karkace. A shekarar ne aka shirya mahaifiyata za ta zo a duba mata ido, ta kuma zauna da mu na ɗan lokaci. Gwiwoyinta ba sa hawa bene. Sai muka gyara sararin da ke ƙarƙashin rufi ya zama ɗakin yara, don ita ta samu ɗakin ƙasa. Har na gaya mata a waya cewa ɗakinta na kallon gabas, ba sai an juya mata darduma ba. Abin da ya rage kawai shi ne jami'in council mai kula da kariyar gobara ya zo ya duba, ya amince a riƙa kwana a sama.

Da aka tambaye ni ranar da ta fi mini, ni da bakina na zaɓi Juma'a, don rana ce mai albarka. Na manta cewa albarkar Juma'a a gidana tana zuwa ne da ƙafafu. Duk ɗan Arewan da ya sauko daga masallaci ya san akwai tuwo a wurinmu, kuma ba a aika wa kowa goron gayyata.

Jami'in ya iso, dogon Bature mai sanyin magana. Tun daga ƙofa ya fara ɗaga ƙafa yana tsallake takalma kamar mai ƙetare kwata. Ya ga ƙofar kicin, wadda aka yi ta musamman don tare wuta, an tokare ta da buhun shinkafa. Ya ɗaga kai ya ga ƙararrawar hayaƙi sanye da safar ƙafa, domin ba ta jituwa da turaren wutar maiɗakina. Ya ga katifu uku a jingine bayan matakala. Rubutu kawai yake yi.

Ko a haka da mun tsira da gargaɗi, ba don Alhaji ba. Alhaji babban aminina ne, injiniya a Birmingham, ya girme ni, kuma Allah bai halicci mutumin da ya fi shi son ya ga an san darajata ba. Ranar ya zo Manchester wani aiki. Da ya ga baƙon Bature a gidana, sai ya ga dama ta samu ta fitar da ni kunya. Ya wanke hannu, ya miƙe, ya kama hannun jami'in, ya shiga yabona da Turancinsa mai kyau. Ya ce wannan gida ba na mutum ɗaya ba ne, na al'umma ne. Ya ce babu ɗalibin da zai sauka daga Najeriya bai fara kwana a nan ba. Ya nuna katifa ta tsakiya ya ce, "Wannan ma tawa ce."

Na ce da Hausa, "Alhaji, a bar maganar nan haka."

Ya ce, "Malam, ka cika kunya. Bari su san irin mutanen da ke zaune a ƙasarsu."

Suka kuwa sani. Ba a daɗe ba hukunci ya zo: a ganin council gidana masaukin jama'a ne da ba shi da lasisi, ba gidan iyali ɗaya ba, don haka an hana kwana a ɗakin sama. Ma'anarsa yara su dawo ƙasa, mahaifiyata kuma ba ta da ɗaki.

Na ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin da ke sauraron rigingimun gidaje. Na zauna na tsara hujjojina da ajami, don da shi tunanina ya fi gudu, sannan na juya su zuwa Turanci. Gaskiyata a fili take: baƙo na kwana biyu ba mazauni ba ne. Amma yaya za ka bayyana wa mutumin da sai ya yi wa ƙaninsa waya kafin ya ziyarce shi cewa katifar da ke bayan matakala ba ta kowa ba ce, ta wanda Allah ya kawo ce? Duk lokacin da mahaifiyata ta kira ta tambayi ɗakinta, sai in ce ana kan ƙarasa fenti.

Aka sa rana. 'Yan kwamitin za su zo da safe su ga gidan da idonsu, da rana kuma a zauna a ofishinsu. Wannan karon na zaɓi Talata. Muka kwashe takalma, muka kai katifu gidan maƙwabci, buhun shinkafa ya koma inda ake ajiye shinkafa, na sa aka ɗaura sababbin ƙararrawa masu haɗe da juna, in ɗaya ta yi kuka duka su amsa. Na roƙi maiɗakina kada ta gaya wa kowa. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba, sai matar Alhaji, ita ma don ta sa mu a addu'a.

Da hantsi ina tsaye a zaurena, wanda ban taɓa sanin launin kafet ɗinsa ba sai ranar, sai na ji tsayuwar mota. Na leƙa ina zaton 'yan kwamiti ne. Ƙaramar bas ce daga Birmingham. Alhaji ne a gaba cikin babbar riga, bayansa dattawa da matansu, da kuloli na masa da miyar taushe. Kafin su gama saukowa, mutanenmu na unguwar Old Trafford su ma sun ɓullo ta kan kwana.

Alhaji ya ce, "Malam, ka zaci za mu bar ka kai kaɗai a gaban Turawa? Kowa nan hutu ya ɗauka daga wurin aiki."

Na buɗe baki in ce su koma, sai na ji harshena ya ce, "Sannunku da zuwa, bismillah." Ban san yadda ake korar mutumin da ya yi tafiyar awanni don ya yi maka addu'a ba, kuma har yau ban koya ba. Suka shiga, kowa ya tuɓe takalminsa a inda ya saba.

'Yan kwamitin suka iso su uku, shugabarsu wata dattijuwa mai furfura da tabarau, tare da jami'in nan nawa. Ya dubi takalman, ya dube ni, har na ga kamar tausayina ya ji. A falo an fara salati. Na jagorance su sama ina bayanin kaurin ƙofa da faɗin taga. Muna can ne wata baiwar Allah daga cikin matan ta ga bai dace manyan baƙi su shigo gida ba ƙamshi ba, ta ciro kaskonta daga jaka ta zuba turare mai kyau, na Maiduguri.

Ƙararrawar ƙasa ta fara, ta tsakiya ta karɓa, ta saman kanmu ta ɗauka. Muka sauko, amma a tsakiyar matakala muka tsaya, domin zaure ya toshe. Ba turereniya ake yi ba, ladabi ne ya toshe shi. Alhaji na bakin ƙofa yana cewa wani dattijo, "Liman, wuce." Liman na cewa, "A'a, Alhaji, kai ne babba." Wani ya sunkuya yana neman ƙafar takalminsa ta hagu, wani ya ɗauki na wani ya dawo da shi yana ba da haƙuri, wata ta koma ɗauko kularta. Jami'in yana tsaye a bayana yana kallon agogonsa. Ni kuwa ina kallon kawunan mutanen da suka fi kowa ƙaunata a ƙasar nan, sai na manta da shari'a. Na ga cewa da wutar gaske ce, da a wannan zauren za a yi mana sallar gawa gaba ɗaya, kowa na ce wa ɗan'uwansa ya wuce.

Da muka samu fita, na tarar da maiɗakina da yara tuni suna tsaye a titi. Ta ƙofar baya suka bi, suka zagayo ta lungu.

Da rana a ofishin kwamiti na zauna da takarduna, na riga na sallama. Alhaji ya miƙe zai ba da shaida, na riƙe gefen rigarsa har sai da ya zauna. Shugabar ta cire tabarau ta ce ba ta bukatar dogon bayani. Ta ce ta lura gidan na da ƙofar baya a buɗe, kusa da falo ma fiye da ta gaba, amma duk taron nan babu wanda ya nufe ta sai mace ɗaya da 'ya'yanta. Wanda yake kwana a gida, in ji ta, ya san ta inda ake fitar da shara. Saboda haka ta gamsu waɗannan baƙi ne, gidan kuma na iyali ɗaya ne, an janye hanin kwana a sama. Sai ta mayar da tabaranta ta ce amma duk abin da jami'in ya faɗa game da haɗarin gidan gaskiya ne, ta gani da idonta, kuma sai ya dawo ya tabbatar zaure a share yake kafin a sa hannu.

A waje Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani ko, Malam? Da ba mu zo ba fa?"

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji." Kuma gaskiyar ce, shi ya sa abin yake ba ni haushi har yau.

Jami'in ya dawo, ya sha shayi, ya nuna mini inda zan kafa katakon takalma a bayan gida, ya sa hannu. Mahaifiyata ta zo ta shiga ɗakinta. Abin da ta fara cewa shi ne gidan ya yi shiru da yawa, ko ba mu da mutane ne a garin nan.

Abin da na koya shi ne, na yi makonni ina kai ƙarar Baturen nan wurin Allah a cikin sujada, ashe shi kaɗai ne a cikinmu yake tunanin yadda baƙina za su fita da rai, mu muna tunanin yadda za su shigo su ƙoshi. Karɓar baƙo ibada ce, ban daina ba kuma ba zan daina ba. Amma tun daga ranar na gane cewa amanar wanda ya shigo gidanka ba ta ƙarewa a kan tuwo da katifa, kuma mai gaya maka aibin gidanka yana iya fin mai yabonka amfani, ko da kuwa mai yabon ya taso tun daga Birmingham.